Sun Ɗebi Jininmu a Gonar Albasa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Umaru mai feshi daga Aliero, kuma raina a ɓace yake.

Bara da rani, wasu malaman jami'a da wata Baturiya suka iske mu a fadama muna feshin albasa. Suka ce suna binciken illar da maganin ƙwari yake yi wa masu feshi. Muka bar aiki, muka ba su jini. Yayana Sani ya ce musu, "Malam, ƙirjina zafi yake, idona kullum ruwa." Babbansu ya dafa shi ya ce, "Kafin damina za ka ji sakamako."

Damina ta zo ta wuce, shiru. Watan jiya Sani ya yanke jiki ya faɗi, tankin feshi na bayansa. Likita ya ce maganin ya lalata masa huhu. Yau ko fartanya ba ya iya ɗagawa.

In sun ga ciwon a jininsa, me ya hana su faɗa? Masu sauraro, wurin wa zan kai ƙara?

Ina gai da masu feshi na Jega da Maiyama. Don Allah ku riƙa rufe hanci da baki, kada ku jira kowa.