Firosesar Jabu a Shagon Ɗayyabu na Wurma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Alhaji Rabe; iyayenmu malamai da dattawan gari; uwar ƙungiya, Hajiya Mas'uda; 'yan uwana masu gyaran waya da kwamfuta na Dutsin-Ma da Kurfi; da sauran jama'ar da suka bar shagunansu da gonakinsu suka zo: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Zubair mai gyaran kwamfuta, shekarata goma sha tara a wannan sana'a. An ce in yi bayani kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi firosesa da ram idan yana son ƙara wa kwamfutar wasa ƙarfi. Zan yi, amma ku yi mini afuwa, da ɓacin rai na tsaya gabanku yau, kuma sai kun ji dalili.

Ga Ɗayyabu can zaune a layi na uku, da sandarsa. Mutumin Wurma ne. Acaɓa yake yi, har ranar da mota ta buge shi a hanyar Kurfi, ƙafarsa ta dama ta daina ɗaukarsa. Bai zauna yana jiran a ba shi ba. Ya kama ɗan shago kusa da tasha a Kurfi, ya sa kwamfuta guda ɗaya da kujerun roba, samari suna zuwa suna buga wasan ƙwallo. Da wannan yake ci da matarsa da 'ya'yansa uku.

Da sabon wasa ya fito, kwamfutar ta fara gazawa. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya buga, sai hoto ya tsaya cak. Yayarsa Turai ta sayar da awakinta biyu, ta damƙa masa kuɗin ta ce, "Je ka gyara abin sana'arka kafin Sallah." Ya ɗauko kwamfutar ya kawo mini.

Na buɗe na duba, na gaya masa abin da zan gaya muku yanzu. Da farko, firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba a fara tambayar wacce ce ta fi ƙarfi. Ana fara duba madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, domin kowace firosesa da irin mazauninta. Na biyu, kada girman lamba ya ruɗi mutum. Firosesa i5 ta zamanin nan ta fi tsohuwar i7 gudu, ta fi ta sauƙin wuta, ta fi ta jure zafin ƙasarmu. Sai ram, inda kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin: guda biyu masu giga takwas-takwas, iri ɗaya, sun fi guda ɗaya mai sha shida amfani a wasa. Na rubuta masa duk wannan a takarda. Abin da ke hannunsa ya isa, har da ragowar kuɗin mota.

Kayan ne ba ni da su a ranar. Sai na tura shi wajen wani mai shago a nan Dutsin-Ma. Ba zan kama sunansa ba saboda darajar mahaifinsa. Amma ku sani, ni na koya masa aiki. Shekara shida yana gabana, a kwano ɗaya muke cin abinci. Ni na ce wa Ɗayyabu, "Je ka wurinsa, kamar wurina ka je."

Mai shagon ya karɓi takardata ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam Zubair ai tsohon yayi ne. Mi za ka yi da biyar ga bakwai? Bar ta nan, ka dawo jibi." Ɗayyabu ya dawo jibi, aka nuna masa murfin firosesa an rubuta i7, aka nuna masa ram an manna takarda mai sha shida, aka rufe, aka ɗaure masa a bayan babur. Har addu'a ya yi wa mutumin.

Ranar Sallah da hantsi shagon Ɗayyabu ya cika, har waje. Ya shirya gasa, samari daga Kurfi da Ɗantutture kowa ya sa sunansa. Minti goma ba a yi ba hoto ya fara tsayawa, fiye ma da da. Ana cikin wasa na biyu kwamfuta ta ɗauki zafi ta mutu. Ya kunna, ta sake mutuwa. Wani daga cikinsu ya ce masa a gaban jama'a, "Dama ƙarya kake, ba abin da ka canza." Suka watse. Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, shi aka kira maƙaryaci a ƙofar shagonsa, ranar Sallah!

Kashegari ya zo mini. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, duba mani, ko ni ne ban iya ba." Na kunna, na shiga inda kwamfuta ke faɗin abin da ke cikinta. Jama'a, firosesar nan ko wadda aka cire masa ba ta kai ba. Goge murfin aka yi aka buga sabon suna. Ram ɗin giga huɗu ne. Ko man sanyaya firosesa ba a shafa ba. Kayansa na asali kuwa an riƙe.

Na rufe shagona na tafi wurin mutumin nan. Na ajiye kayan a kan teburinsa na ce, "Mene ne wannan?" Na yi zaton zai musa, ko ya ce shi ma cutarsa aka yi a Kano. Wallahi da ya faɗi haka da na sami abin riƙewa. Sai ya ce, "Haba Oga, mutumin ƙauye ne fa. Ina ya san bambanci?"

Ina ya san bambanci! Wannan kalma ita ta hana ni sukuni har yau. Don bai san bambanci ba ai ya zo wurinmu. Don bai sani ba ya miƙa mana abin da yayarsa ta tara. Mu idan muka je sayen gero a Wurma, mun san na bana da na bara in ba su gaya mana ba? Idan muka je sayen rago, mun san mai lafiya? Suna gaya mana gaskiya, mu kuma mu goge murfi mu buga musu ƙarya? Rashin sanin mai saye amana ce a wuyan mai sayarwa, ba ƙofar cuta ba ce.

Mai shagon ya dawo da komai a ranar, don na ce ba zan tashi ba. Na samo kayan da na rubuta tun farko, na ɗaura a gaban Ɗayyabu, na nuna masa sunan kowanne a fuskar kwamfuta. Yanzu tana aiki lafiya lau. Amma wata biyu ke nan, rabin samarin ba su dawo ba. Kuma Turai ta tako har shagona, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, mu ba mu san wancan ba. Kai muka sani." Gaskiya ta faɗa.

Saboda haka, ya shugaba, ina roƙon wannan zama kada ya tashi sai ya zartar da doka: daga yau, duk ɗan ƙungiyar nan da ya sayar da firosesa ko ram, ya ɗaura a gaban mai kaya, ya kunna, ya nuna masa abin da kwamfuta ta faɗa, ya mayar masa da tsohon kayansa a hannu. Wanda aka kama ya goge murfi ko ya canza takarda, a cire sunansa, a sanar a Dutsin-Ma da Kurfi, ko yaron wane ne. Idan nawa ne, ni zan fara sa hannu.

Kai kuma Ɗayyabu, a gaban iyayenmu da 'yan uwana nake neman gafararka, kai da Yaya Turai. Kuma mutanen Kurfi da ke nan, ku koma ku gaya wa samarinku cewa mutumin nan bai yi musu ƙarya ba. Mu muka yi masa.

Allah ya tsarkake mana abin da muke ci. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a lokacin da ba mai ganinmu sai Shi. Allah ya buɗa wa Ɗayyabu, ya mayar wa Turai da ninkin abin da ta fitar, ya ba yankinmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni. Wassalamu alaikum.