Muryar Baba Ta Maƙale a Intanet

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Hadiza daga Limawa, Dutse.

Mahaifinmu malamin makarantar allo ne. Yana raye yayana ya buɗe masa shafi a intanet, ya sa hotonsa da tarihinsa da karatun Alƙur'aninsa da muka ɗauka a kaset. Da Allah Ya yi masa rasuwa, muka rabar da kaset-kaset ɗin ga ɗalibansa na Jahun da Aujara, muna ganin ai muryar tana intanet.

Bana na buɗe shafin. Rubutu yana nan, hoto yana nan, Baba yana kallona. Amma wurin muryar sai wani baƙin akwati, na danna na danna, shiru. Mai gyaran kwamfuta ya ce rubutun da hoton an yi su ne da tsarin da duniya ta yarda da shi, kowace waya tana karantawa. Muryar kuwa a manhajar wani kamfani aka zuba ta, kuma sun daina yin ta. Yayan nawa da ya san kanta shi ma ya rasu.

Duk Juma'a Inna sai ta ce, "Hadiza, kunna min Malam." In danna, mu zauna muna kallon bakinsa a rufe.

Masana, akwai yadda za a fito da muryar? Ɗaliban Baba, wanda kaset ɗinsa bai lalace ba, don Allah ya kawo. Jin Inna ya fara raguwa.