Bijimin da Ba Ya Jan Garma

A kasuwar shanu ta Mubi, Dawuda, wani manomi ɗan ƙabilar Gude, ya lura bijimin da yake tayawa sai haki yake yi.

"Baba, lafiyarsa kuwa?"

"Ciwon sammore ya yi bara," in ji tsohon makiyayin da ke sayar da shi. "Ƙudan tsando ne ya cije shi a bakin mayo, wato kogi. Ya warke, amma zuciyar ta taɓu."

"To ai ba zai ja garma ba. Ka kai wa mahauta mana."

"Sun taya, na hana. Mai lallaɓa shi nake nema."

"Wa zai ciyar da sa a banza?"

Tsohon ya dafe ƙirji, ya jira numfashinsa ya daidaita.

"Ɗana, mayon nan tare muka shiga. Ni ma ba na jan komai yanzu, kuma ba a kira mini mahauci ba."