Hajiya Ta Karɓe Rimot

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Malali nake rubutowa.

Ana cewa duniya ta raja'a kan kallon ƙwallo, to har mahaifiyata Hajiya ta shigo layi. Matsalar, ba ta da ƙungiya, duk wanda aka ci shi take tausaya wa. Ran Asabar ƙungiyata ta zura ƙwallo, na daka tsalle, sai ta ce, "Zauna! Golan nan ba ɗan wata ba ne?" Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ta ce in shafa. Na shafa. Kafin a tashi an zura mana uku.

Jama'a ku ba ni shawara, wasan ƙarshe na tafe, kuma Hajiya ta gayyato ƙawayenta na Islamiyya.