Ku Cire Furen Nan Daga Hotona

Mai girma shugaban ƙungiyar unguwarmu, Debabrata Laha; malaman makaranta; 'yan kasuwa; mata da ke zaune a gaba da samarin da ke tsaye a bakin ƙofa; da kai Ritwik Basak, mai sabon gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa: ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kujerar da aka miƙo mini, amma a tsaye zan yi magana, don ku shaida da idanunku cewa ni, Tarapada Sanyal, ina da rai.

Magana ta farko. Inda gidan nan yake, shagon shayin kakan Ritwik ne a da, inda muke cunkusuwa mu kasa kunne ga rediyo ranar wasa. Ban zo kukan shago ba, zamani riga ne. Su manna talabijin a kowane bango, su cusa kifin ilish cikin burodi da cuku, su zuba giya a kofin ƙasa irin wanda muke shan shayi mu fasa, su jera tsofaffin rediyo da ba sa magana da fitilun da ba sa ci. Cikinsu ne, gidansu ne.

Magana ta biyu ita ta fito da ni. Cikin kayan adon akwai hotunan tsohuwar ƙungiyarmu ta ƙwallo, Nabarun. Nawa yana saman babban talabijin, ina saurayi da ƙwallo a ƙafa, an rataya masa sarƙar fure. Jama'a, a duk faɗin Kolkata akwai wanda bai san hoton wa ake rataya wa fure ba? Sai na mamaci. Furen ma na roba.

Na dogara sanda na je in gani. Mai gadi ya tare ni, ya kira ni Dadu, wato kaka, ya ce, "Dadu, ba a shiga da silifa." Na ce, "Ɗana, hotona na zo gani," na nuna masa ta gilashi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Dadu, wannan ai marigayi ne. Har abinci gare shi a nan, Kazar Marigayi Tarapada." Na ce, "Tana da daɗi?" Ya ce, "Ita ta fi tafiya."

Da na tambayi Ritwik, cewa ya yi, "Kawu, mun yi tambaya, aka ce duk 'yan ƙungiyar sun rasu." Wa ka tambaya, Ritwik? Gidana yana lungun bayan gidanka. Hayaƙin kazar da ka sa wa sunana ta tagata yake shiga. Ka nemo tsohon rediyo daga ƙarshen gari, amma ka kasa nemo tsohon da ke bayan katangarka.

Magana ta uku, ita ce mai ciwon. Matata ta rasu, ba ni da ɗa. Mutum ɗaya ke ƙwanƙwasa ƙofata, Mitali, 'yar mai tsaron ragar ƙungiyarmu, marigayi Gobindo Pal. Duk shekara a bikin ibadarmu na Puja takan hayo kogi daga Howrah ta kawo mini alewar madara, ta yi mini faɗa a kan magani. Bana na share ɗaki, na jira, ba ta zo ba. Jiya mai hidimar haikalinmu ya gaya mini dalili: ɗanta ya ga furen, ita kuma ta aiko a yi mini addu'ar mamata. Mahaifinta kuwa, wanda ya mutu da gaske, hotonsa yana kan hanyar bayan gida, ba fure, ba suna.

Saboda haka ga roƙona a gaban jama'a. Ritwik, ka cire furen nan. Ka ɗauko Gobindo daga bakin bayan gida ka sa shi kusa da ni, ka rubuta sunansa, ka rataya masa fure mai ƙamshi. Sannan kai da ƙafarka, ba aike ba, ka haye kogi ka gaya wa Mitali kawunta yana jira.

Nawa furen, ba zan daɗe ina sa ku jira ba. Amma kafin ku rataya shi, wani ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa tukuna.

Ubangiji ya albarkaci unguwar nan, ya raya 'ya'yanku, ya ba kowannenku mai tambayarsa ranar tsufa. Na gode.