Bakin Eusebio, Muryar Anselmo

A ɗakin jiran mota na garin Tabernas, wani tsoho mai hular kaboyi ya matso kusa da wata dattijuwa da ke ɓare lemo.

"Baiwar Allah, kin san da wa kike zaune? Eusebio ke nan. Sau talatin da ɗaya aka harbe ni a finafinan kaboyi, nan bayan gari."

"Ga shi kuwa ko sau ɗaya ba a dace ba."

"Yi dariyarki. Akwai fim ɗin da na faɗo daga kan doki, na ce, 'Ku gaya wa Rosalía na kusa isowa.' Mata sun sha kuka a silima."

Ta daina ɓare lemon. "Kai ka faɗi haka? Da bakinka?"

"To, baki dai nawa ne. Daraktan mutumin Italiya ne, ba ma jin yaren juna. Ya ce in ƙirga ɗaya zuwa takwas cikin baƙin ciki, daga baya a ɗora murya a Madrid."

"Mijina Anselmo ya ɗora ta. Ni ce Rosalía. Wani suna aka rubuta masa, ya sa nawa. Shekara tara da rasuwarsa, duk Lahadi sai na kunna fim ɗin, daidai wurin maganar nan."

Tsoho ya gyara zaman hularsa. "Ashe duk Lahadi kina kallona!"

"Rufe ido nake yi."

"Ba ki taɓa ganin fuskata ba ke nan?"

"Sai yau." Ta ƙare masa kallo, ta miƙa masa ɓarin lemo. "Ashe ban yi asarar komai ba."