Bakin Mayafin Inna

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni mai sauraronka ce daga Sandamu, kuma har yau abin nan yana ci mini rai.

Lokacin korona, ciwon daji ya ci ƙarfin Innata. Mun san ba tashi za ta yi ba, abin rage raɗaɗi kawai muke nema. Muka kai ta wani asibiti a Daura. Ma'aikacin ya tsaya can bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ko taɓa ta bai yi ba, ya ce, "Inna, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, ɗana."

Ya dube ni ya ce, "To, kin ji da kunnenki." Ya ba mu farasitamol, wai magani mai ƙarfin yana kulle saboda 'yan ƙwaya.

Haba Malam! Ɗan ƙasar nan ne fa. Wace dattijuwa ce za ta yi raki gaban sa'an ɗanta?

Bayan rasuwarta, ina naɗe kayanta, na tarar da bakin mayafinta duk a tattaune. Ashe shi take cizo don kada mu ji kukanta.

Malam, ka tambayar mana likitoci: sai tsohuwa ta yi ihu kafin a tausaya mata?